Yadda Ake Koyon Karanta Katunan Tarot Daga Tushe

Fakitin tarot katuna 78 ne, kowanne da hotonsa. Mai koyo yakan ɗauka aikin da ke gabansa hadda ce: ya zauna ya haddace ma'ana 78, ya ɗora wasu 78 na katunan da suka fito a juye, sannan ya fara. A nan galibi ake karaya, fakitin ya koma cikin akwati. Hanyar da zan nuna maka ta fi sauƙi kuma ta fi ɗorewa. Ka koyi kallon hoto kafin ka buɗe littafi, ka koyi tsara tambaya kafin ka ja kati.

Akwai maganar da ya kamata mu gama tun daga bakin ƙofa. Takarda da tawada ba su san gobe ba, gaibu sai Allah. Musulunci da Kiristanci duk sun hana duba, kuma wanda ya ɗauki katunan nan da niyyar leƙen abin da zai faru ya san matsayinsa. Abin da nake koyarwa shi ne amfani da hotunan don tayar da tunani: ka ja kati, hoton ya jefo maka wani gefe na matsalarka da ba ka duba ba, ka zauna ka yi nazari. Idan hakan ma bai kwanta maka ba, ka tsaya a kan tarihin da sanin hotunan kawai.

Tarihin yana rage tsoro. An ƙirƙiri katunan a arewacin Italiya wajen shekarun 1440, a fadojin birane irin su Milan da Ferrara, kuma karta ake bugawa da su. Har yau ana buga wasan tarot a Faransa. Sai a 1781 wani Bafaranshe, Antoine Court de Gébelin, ya rubuta cewa hotunan ɓoyayyen ilimin tsohuwar Masar ne, ba tare da wata hujja ba. Daga nan masu duba suka karɓe su. Saboda haka idan wani ya ce maka katunan sun zo daga zamanin Fir'auna, labari yake ba ka.

Kayan aiki

Fakiti ɗaya. Ga mai farawa, ka nemi wanda ake kira Rider-Waite-Smith, wanda aka fara bugawa a Landan a 1909. Arthur Edward Waite ne ya tsara shi, Pamela Colman Smith ta zana hotunan. Dalilin zaɓensa shi ne kowane kati yana da cikakken hoto na mutane suna wani abu. A tsohon salon Faransa da ake kira Marseille, katin kofuna biyar kofuna biyar ne kawai a jere, ba mutum ba labari, sai wanda ya riga ya ƙware. Fakitin Thoth na Aleister Crowley da Frieda Harris, wanda ya fito a 1969, cike yake da alamomin taurari da za su ruɗa ka. Bar su sai gaba. Ka kuma sani tun kafin ka saya cewa wasu katunan, kamar Tauraro da Masoya da Shaiɗan, suna da zanen mutane tsirara. Akwai fakitocin da aka sake zanawa da tufafi a kan tsari ɗaya, idan wannan zai dame ka.

Littafin rubutu da biro. Wannan ya fi kowane littafin ma'anoni muhimmanci.

Tebur ko shimfiɗa mai faɗi, da ƙyalle mai launi ɗaya. Ƙyallen ba shi da wani sirri, yana hana katuna zamewa da ɗaukar datti ne kawai.

Ɗan littafin da ke zuwa cikin kwalin. Ya isa a farko.

Idan ba ka da fakiti, hotunan bugun 1909 suna nan kyauta a intanet. Ka buga su a takarda mai kauri ka yanka daidai wa daida, ko ka yi amfani da manhajar waya. Kartar wasa mai katuna 52 ita ma tana aiki, zan nuna yadda a mataki na biyu. Maganar cewa wai sai an ba ka fakiti kyauta, ko sai ka naɗe shi da siliki, ko kada kowa ya taɓa shi, duk camfi ne.

Mataki na 1: Ƙirga, ka raba

Buɗe kwalin ka ƙirga. Idan ka ga 80, biyun talla ne ko bayani, cire su. Sai ka raba fakitin kashi biyu.

Kashi na farko Manyan Katuna ne, guda 22, masu lamba daga 0 zuwa 21. Lambobin na Rumawa ne a saman kati, don haka ka tuna I ɗaya ne, V biyar, X goma, kuma ƙaramin da ya zo gaban babba ragewa yake, IV huɗu, IX tara. Ga jerinsu: 0 Wawa, 1 Mai Sihiri, 2 Mace Mai Sirri, 3 Uwar Daula, 4 Sarkin Sarakuna, 5 Fafaroma, 6 Masoya, 7 Keken Yaƙi, 8 Ƙarfi, 9 Mai Halwa, 10 Juyin Zamani, 11 Adalci, 12 Ratayayye, 13 Mutuwa, 14 Tsakaitawa, 15 Shaiɗan, 16 Hasumiya, 17 Tauraro, 18 Wata, 19 Rana, 20 Hisabi, 21 Duniya. Idan ka ga Adalci a 8, Ƙarfi a 11, ba kuskuren bugu ba ne. Haka tsohon jerin Marseille yake, a fakitin Waite ne suke a musanye.

Kashi na biyu Ƙananan Katuna ne, guda 56, gida huɗu, kowane gida 14: daga ɗaya zuwa goma, sai 'yan fada huɗu, wato Ɗan Aike, Barde, Sarauniya da Sarki. Manyan suna magana a kan manyan sauye-sauyen rayuwa. Ƙananan kuwa harkar yau da kullum ce, aiki, bashi, saɓani, ziyara.

Jera su duka a gabanka, gida gida, fuska sama. Yi haka sau da yawa a makon farko har hannunka ya saba.

Mataki na 2: Gida huɗu da lambobi goma

Wannan matakin shi ke cire maka wahalar hadda, don haka ka ba shi lokaci. Katuna 40 masu lamba ana gane su da abu goma sha huɗu kacal: ma'anar gida huɗu, da ma'anar lamba goma.

Sanduna na wuta ne: himma, buri, sana'a, gaggawa. Kofuna na ruwa ne: zuciya, so, zumunci, ɓacin rai. Takubba na iska ne: tunani, magana, gardama, yanke shawara, da damuwar da mutum ke saƙa wa kansa. Sulalla na ƙasa ne: kuɗi, jiki, gida, aikin hannu. (Gidajen nan huɗu sun girmi tarot. Kartar da ta shiga Turai a shekarun 1370 daga daular Mamluk ta Masar da ma tana da kofuna, sulalla, takubba da sandunan wasan folo. Iyakar alaƙar gaskiya da Masar ke nan.)

Lambobin kuma: ɗaya mafari ne, biyu zaɓi ko haɗuwa, uku bunƙasa, huɗu zama daram, biyar rikici ko rashi, shida daidaituwa bayan rikicin, bakwai jarrabawa, takwas aiki ko motsi, tara dab da ƙarshe, goma cikawa, wani lokaci har ta yi yawa.

Haɗa su ka gani. Biyar da Kofuna: rashi a harkar zuciya. Yanzu ɗauko katin. Mutum ne cikin baƙar alkyabba, kansa sunkuye, yana kallon kofuna uku da suka zube. A bayansa kofuna biyu na tsaye bai waiwaya ba, can nesa ga gada a kan kogi. Lissafin ya ba ka kalmar rashi, hoton ya ƙara maka cewa akwai saura da mai baƙin cikin bai gani ba. Goma da Sanduna: himma da ta yi yawa. Katin mutum ne ya rungumi sanduna goma, ya sunkuya har ba ya ganin gabansa. Ba kowane kati ne zai hau lissafin cif ba. Inda suka saɓa, bi hoton.

Da kartar wasa, zuciya ita ce Kofuna, ja mai kusurwa huɗu Sulalla, baƙi mai ganye uku Sanduna, baƙi mai tsini Takubba. Ba ka da Manyan Katuna, ba ka da Barde, ba ka da hotuna, amma lissafin gida da lamba yana nan yadda yake.

Mataki na 3: Kallo kafin littafi

Ɗauki kati ɗaya, rufe ɗan littafin, ka amsa tambayoyi huɗu da babbar murya ko a rubuce. Wa ke cikin hoton? Me yake yi? Ina ya fuskanta? Me ke bayansa ko ƙarƙashinsa da bai lura ba?

Mu gwada da Takubba 8. Mace ce an ɗaure mata hannuwa, an rufe mata ido, takubba takwas a kafe kewaye da ita. Kallon farko fursuna ce. Sake duba. Ƙafafunta ba a ɗaure suke ba, takubban ba su rufe gabanta ba, ba mai gadi. Da za ta taka, da ta fita. Ka ga ma'anar ta fito da kanta: mutum yana jin ba shi da mafita alhali tsoro ne ya tsare shi. Yanzu buɗe littafin, za ka tarar abin da ya ce ke nan da gajerun kalmomi. Bambancin shi ne abin da ka gano da idonka ba ka mantawa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ja kati, ido bai ko sauka a kansa ba hannu ya kai ga littafi. Mai yin haka zai shekara yana karanta littafi, bai fara karanta kati ba.

Mataki na 4: Kati ɗaya kowace safiya

Ja kati ɗaya da safe. Rubuta kwanan wata, sunan katin, abin da ka gani a hoton, da jimla ɗaya a kan abin da ya tuna maka. Da dare ka koma ka ƙara layi biyu: a ina ka ga irin wannan halin yau, a jikinka ko a jikin wani? Idan ba ka gani ba, rubuta ba ka gani ba. Kada ka tanƙwara ranar don ta dace da katin, wannan yaudarar kai ce, kuma tana lalata amfanin littafin. Bayan wata biyu ko uku za ka sami naka littafin ma'anoni da harshenka.

Kati ɗaya a rana ba zai zagaya da kai fakitin duka da wuri ba, wasu za su yi ta dawowa, wasu ba za su fito ba. Ka riƙa sa alama a jerin 78, waɗanda suka ƙi fitowa ka zaro su da gangan ka yi musu aikin mataki na uku.

Mataki na 5: Manyan Katuna, da waɗanda ke ba da tsoro

Hanya mafi sauƙi ta riƙe guda 22 ita ce ka karanta su kamar labarin tafiyar mutum ɗaya. Wawa, saurayi mai ƙunshi a sanda da farin kare a gefensa, yana bakin kwazazzabo yana kallon sama, shi ne matafiyin. Ajiye shi gefe ka jera sauran sahu uku, bakwai bakwai. Sahu na farko, 1 zuwa 7, duniyar waje ce: iyaye, hukuma, malamai, aure, nasara. Na biyu, 8 zuwa 14, komawa ciki ne: haƙuri, kaɗaici, juyawar al'amura, sakin abin da ya ƙare. Na uku, 15 zuwa 21, rushewa ne da sake gini.

Uku daga ciki suna firgita sabon shiga. Mutuwa ƙwarangwal ne cikin baƙin sulke a kan farin doki, sarki na kwance a ƙasa, amma can baya rana tana tsakanin hasumiyoyi biyu. Masu karatu suna ɗaukarsa a matsayin ƙarewar wani zango, aiki ko hulɗa ko ɗabi'a. Ba sanarwar ajalin kowa ba ce. Hasumiya, wadda tsawa ta faɗa wa mutum biyu suna faɗowa, tana nuna ginin da aka ɗora a kan ƙarya ya rushe farat ɗaya. Shaiɗan kuwa, dubi sarƙar da ke wuyan mace da namijin: sakwa-sakwa take, za su iya zare ta. Jaraba ce, ko wani hali da mutum ya ƙi rabuwa da shi.

Ɗan lissafi zai kwantar maka da hankali. Idan ka shimfiɗa katuna goma daga 78, damar Mutuwa ta fito kusan ɗaya cikin takwas ce. Mai shimfiɗawa kullum dole ya riƙa ganinsa. Haka nan Manyan Katuna sun ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu na fakitin, don haka ganin uku a cikin goma ba abin mamaki ba ne.

Mataki na 6: 'Yan fada

Guda 16 ne, kuma su suka fi ba masu koyo wahala saboda hotunansu ba su da labari sosai, mutum ne zaune ko a kan doki. Ɗauke su a matsayin halaye. Ɗan Aike ɗalibi ne, ko sabon labari. Barde mai tafiya ne, yana aikatawa, sau da yawa fiye da kima. Sarauniya ta mallaki halin gidanta a cikin zuciya, Sarki yana zartar da shi a kan jama'a. Barden Takubba ke nan mai saurin baki da saurin hukunci, Sarauniyar Sulalla mai tattali da riƙon gida.

Dabarar da ke aiki ita ce ka sa wa kowanne fuskar wani da ka sani, ka rubuta a littafinka. Kada ka ɗaure su da jinsi ko shekaru. Sarauniya na iya zama namiji, kuma sau da yawa ɗan fadan da ya fito kai ne da kanka.

Mataki na 7: Tambaya, cakuɗawa, yanka

Tambaya ita ce rabin aikin. "Zan sami aikin nan?" tambaya ce ta gaibu, kuma ba abin da hoto zai ce a kai. Juya ta ta koma hannunka: "Me nake kauce wa dubawa game da neman aikin nan?" ko "Me ke hannuna da zan gyara kafin ganawar?" Tambayar da ta fara da "me" ko "ta yaya" tana buɗe tunani. Wadda ta fara da "yaushe", ko wadda amsarta i ko a'a ce, tana rufe shi. Rubuta tambayar kafin ka taɓa fakitin, don kada ka sauya ta bayan ka ga katunan.

Katunan tarot sun fi karta girma, kusan santimita 7 da 12, shi ya sa suke wuyar riƙewa. Riƙe fakitin a hannu ɗaya ta gefen tsawonsa, ka riƙa zaro ƙananan kashi da ɗaya hannun kana zubawa a sama. Idan hannunka ƙarami ne, kife su a tebur ka dama da tafuka biyu, sannan ka tattara. Sabon fakiti a jere yake zuwa, sai ka daɗe kana cakuɗawa, in ba haka ba za ka ga 'yan gida ɗaya suna bin juna. Ka guji lanƙwasa su irin na 'yan karta, yana karya takardar.

In ka gama, yanka fakitin kashi uku, ka sake haɗawa yadda ka ga dama, ka ja daga sama. Wasu sukan baje su kamar mafici su zaɓa. Duk ɗaya ne. Katin da ya faɗo lokacin cakuɗawa, wasu suna karanta shi, ni mayar da shi nake yi. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai.

Mataki na 8: Shimfiɗar katuna uku

Kafin ka ja, sanya wa kowane gurbi suna. An fi sanin jiya, yau, gobe, amma na fi ba mai koyo shawarar wannan: halin da ake ciki, abin da ya tare hanya, abin da za a gwada. Ajiye ukun a kife daga hagu zuwa dama. Buɗe su ta gefe kamar shafin littafi, don buɗewa ta sama tana juya kan katin.

Ga misali. Mutum yana aiki a ƙarƙashin wani, yana tunanin barin aikin ya kafa tasa sana'ar. Tambayarsa: "Me ya kamata in duba kafin in yanke shawara?" Aka sami Sanduna 10, Sulalla 4, Sulalla 8.

Kada ka fara da ɗaya ɗaya. Dubi ukun tare. Babu Babban Kati, wato maganar ta yau da kullum ce, ba ta kai girman da yake ji a ransa ba. Biyu daga ciki Sulalla ne, batun kuɗi da aikin hannu ya rinjaya. Babu Kofuna ko ɗaya, kuma rashin wani gida shi ma abin tambaya ne: ina son sana'ar yake a cikin lissafin, ko gajiya ce kawai ke kora shi?

Sannan ka bi gurbi gurbi. Na farko mai ɗauke da sanduna goma ne, kaya ya yi yawa. Na biyu mutum ne zaune ya ƙanƙame sulai a ƙirji, ɗaya a kansa, biyu ƙarƙashin ƙafafunsa, ba zai iya tashi ba sai ya saki wani. A gurbin cikas, wannan tsoron rasa albashi ne. Na uku mai sana'a ne a kan benci yana sassaƙa sulalla ɗaya bayan ɗaya, ya rataye waɗanda ya gama. A gurbin shawara, yana nuna a fara aikin kaɗan kaɗan, a ƙware.

Yanzu ɗinke su da jimla ɗaya: "Kaya ya yi maka yawa, tsoron rasa abin hannu ya hana ka motsi, to gwada fara sana'ar a gefe kafin ka saki aikin." Idan ba ka iya faɗin shimfiɗar da jimla ɗaya ba, ba ka gama karantawa ba. Lura kuma cewa katunan ba su ce zai yi nasara ba. Da wasu uku ne suka fito, da wani gefen maganar aka tattauna, shi ma da amfaninsa.

Gurbi yana sauya kati. Sulalla 4 ɗin nan da a gurbin shawara ya faɗo, da cewa za a yi riƙe abin hannunka, yi tanadi tukuna. Masu koyo sukan manta da wannan, su karanta kati da ma'ana ɗaya duk inda ya sauka.

Kuskure biyu kuma. Na farko, ƙara jan kati "don ƙarin bayani" har uku su zama tara. Idan ka rikice, kati ɗaya na ƙari ya isa. Na biyu, sake shimfiɗawa a kan tambaya ɗaya saboda amsar farko ba ta yi daɗi ba. Mai yin haka ya riga ya san abin da yake so ya ji, gara ya rubuta shi kawai ya huta.

Mataki na 9: Juyayyun katuna da manyan shimfiɗu

Katin da ya fito kai ƙasa, a watannin farko ka miƙe shi ka ci gaba. Akwai ƙwararru da ba sa karanta juyayyu sam, fakitin yana da isassun katunan wahala ko ba su. Idan ka tashi ɗauka, zaɓi ƙa'ida ɗaya: ko ma'anar ta raunana, ko ta tsaya cik, ko ta koma cikin zuciya ba ta bayyana ba. Kada ka ce kowane juyayye kishiyar miƙaƙƙe ne, wannan yana haifar da shirme a katuna da yawa.

Shimfiɗar katuna goma mai siffar gicciye, wadda Waite ya yaɗa, ita ce ake gani a kusan kowane ɗan littafi. Kada ka taɓa ta sai katuna uku sun zame maka ruwan sha. Kafin ita gwada biyar: halin da ake ciki a tsakiya, zaɓi na farko da abin da zai ci maka a hagu, zaɓi na biyu da nasa a dama.

Mataki na 10: Karanta wa wani

Fara da aboki wanda ya san koyo kake. Faɗa masa tun farko cewa ba gobe za ka gaya masa ba. Juya katin ya fuskance shi, ka tambaye shi abin da ya gani kafin ka ce komai. Sau da yawa abin da zai faɗa a kan hoton ya fi naka fassarar amfani, domin shi ya san rayuwarsa.

Zai iya cewa, "Kai, wallahi kamar ka shiga zuciyata!" Kada kanka ya kumbura. A 1948 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa bayanin hali iri ɗaya sak, kowa yana zaton nasa ne shi kaɗai, kuma galibinsu suka ce ya dace da su ƙwarai. Mutum yana ɗaukar magana mai faɗi ya sa ta a jikinsa. Hotunan tarot suna nuna abubuwan da kowa ke fuskanta, rashi, buri, tsoro, gajiya, shi ya sa kusan kowane kati yake samun wurin zama.

Akwai inda ba a shiga. Ciwo da juna biyu na likita ne, shari'a ta lauya ce, zuba jari na masana kuɗi ne. Ba a faɗin mutuwar kowa. Ba a buɗe kati a kan wanda ba ya wurin, irin "mijina yana neman wata?" ko "wa ya ɗauke mini kuɗi?", domin zargin da ya fito daga takarda yana iya raba gida ko ya jawo wa marar laifi bala'i. Mayar da tambayar kan mai tambaya: me ya sa zuciyarsa ba ta kwanta ba, wa ya kamata ya yi wa magana. Idan ka lura mutum yana cikin matsananciyar damuwa, ko ya koma ba ya iya yanke ƙaramar shawara sai an ja masa kati, tattara fakitin ka taimaka masa ya ga wanda zai iya kula da shi. Wannan gargaɗin ya shafe ka kai ma.

Abin da aka faɗa a zaman ya tsaya a zaman. Idan kana son rubuta shimfiɗar a littafinka don nazari, nemi izininsa, ka rubuta tambayar da katunan da gurabensu, ban da sunansa. Bayan 'yan makonni ka sake jera katunan nan uku ba tare da duba fassararka ta farko ba, ka karanta su sabo, sannan ka kwatanta biyun.